Luguden da Aka Kora

A tashar Illela, inda na saba zama tun zamanin mahaifina, na ji wani dattijo riƙe da ƙullin goro yana zance da wani baƙo, suna jiran motar Ƙonni ta cika.

"Malam, yau zan maido 'yan hayata!"

"Mi ya kore su, Alhaji?"

"Ni na kore su! Da na sayi gidan na tare, sai na iske matansu masu fura ne. Tun kafin assalatu suke lugude. Na ce tun kakanni ba a taɓa mai da gidan mutunci kasuwa ba."

"To, ka huta ke nan."

"Na huta har rana ta fito! Ni Maccido, da ban taɓa barin sahun gaba ba, jiya liman ya aiko a duba ni, wai ko ba ni da lafiya."

"Subhanallahi! Ba ka jin ladan?"

"Masallacin da nisa. Ashe taɓaren nan ke tashe ni."

"Ka sayi agogo mana."

"Agogo yana aiko wa mutum da fura?"

"In sun ƙi dawowa fa?"

"Su ƙi? Har sabon turmi na saya musu. Ga shi can bisa mota!"