Igiyar Baba Kwana-kwana

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban hukumar tsara birni, mai girma kansilanmu, babban jami'in 'yan kwana-kwana da mutanensa, wakilin kamfanin da ke gina dogon benen nan, malamanmu da dattawan unguwa, ina gaishe ku. Mama, ke da 'ya'yanki da jikokinki, ina ƙara yi muku ta'aziyya. Allah ya ba ku haƙuri.

Da babbar 'yar marigayi ta shigo kantin maganina ta ce ni aka zaɓa in yi magana yau, na ɗauka ɓatan ƙofa ta yi. Kowa a nan ya san shekara biyu muka yi muna kai ruwa rana da mahaifinta. Ta ce umarnin Mama ne.

Ya kasance direban motar kashe gobara har shekara talatin da ɗaya, shi ya sa sunan Baba Kwana-kwana ya bi shi. Ya kasance mutumin da ba ya wuce rami a titi bai sa masa alama ba. Ya kasance mai taurin kai, Allah ya jiƙansa, kuma da yana nan da shi zai fara gyaɗa kai.

Lokacin da aka kawo zanen benen, hawa talatin da biyu, gidaje ɗari biyu da arba'in, mu 'yan kasuwa murna muka yi. Ni ne shugaban ƙungiyarmu, ni na fi kowa tafi. Baba ya sa tabarau, ya bi zanen da yatsa, ya ce, “Wurin ajiye mota tamanin na gani. Sauran a aljihu za su riƙa hawa da su?” Muka yi dariya. Ya ce layin bayan benen za su cika, layin da gidajenmu suke, wanda ƙofarsa ɗaya ce.

Yana da wata igiya da ya yanka daidai faɗin motar da ya tuƙa, daga madubi zuwa madubi. Da hantsi zai tare duk wanda ya samu, ya ba shi bakin igiyar, shi ya riƙe ɗaya, su bi layin a jere, igiyar a miƙe tsakaninsu. Inda igiyar ta saki, nan zai tsaya ya nemi mai motar. Tela ya riƙe masa, mai wanki ya riƙe masa, har liman bai tsira ba. A zaman sauraron jama'a na farko, mai zanen benen ya nuna mana hotuna masu kyau, ga itatuwa, ga yara a kan keke. Baba ya tashi ya miƙa masa igiyar ya ce, “Ɗana, zo mu je ka nuna mini a ƙasa.” Bai je ba.

A zaman nan ni na miƙe na ce Baba yana so ya hana unguwa ci gaba. Na ce ƙarin wurin mota a ƙarƙashin ƙasa zai jinkirta aikin a banza. Da muka fito bai yi fushi ba, sai ma ya biyo ni kanti ya sayi maganin hawan jininsa. Yana karɓa ya ce, “Mai magani, ni ba benen nake ƙi ba, jikokina ma na iya zama a ciki. Hanya nake so a bar wa mai zuwa ceto.” Na ce ai mutane minti biyu kawai suke tsayawa. Ya ce, “Duk wanda na taɓa yi wa jiniya a baya, minti biyu ya tsaya.”

Ranar Litinin ɗin da ya faɗi a tsakar gida, ƙarfe sha ɗaya na safe ne. Motar asibiti ta zo da wuri, amma a bakin layi ta tsaya, domin motoci uku sun toshe shi. Maƙwabta suka ɗauko Baba a kan kujera, suna ratsawa ta gefe. Biyu daga cikin motocin na masu zuwa duba ginin ne. Ta ukun tawa ce. Na ajiye ta in sauke kwalaye, waya ta ɗauke mini hankali.

Likita ya ce mai yiwuwa ko an isa da wuri ba zai tashi ba, kuma mun yi imani kwana ne ya ƙare. Amma kwana arba'in ke nan ina jin kalmar nan, mai yiwuwa. Mama, na zo gaisuwa sau uku ban iya faɗa miki wannan ba. Ki yafe mini. Ku ma 'ya'yansa, ku yafe mini.

Ashe Mama ta sani. Ranar da 'yarta ta zo kanti, ba saƙon baki kaɗai ta kawo ba, ta ajiye mini wannan a kan tebur. Ga ta, igiyar ce. Mama ta ce a faɗa mini ita ba ta da ƙafar bin layi, kuma igiyar ba ta aunuwa da mutum ɗaya.

Ranka ya daɗe shugaban hukuma, ranar Talata za ku yanke hukunci a kan wurin ajiye motoci. Ƙungiyarmu ta janye abin da na faɗa, yanzu muna roƙon a haƙa ƙarin wurin, a hana ajiye mota a layin. Kafin ku zauna, ƙarfe tara zan tsaya a bakin layi da bakin igiyar ɗaya a hannuna. Ɗayan na bar muku, ko kai ko wakilin kamfani.

Mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah ya gafarta wa Baba, ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa makwancinsa. Yadda ya yi rayuwarsa yana buɗe wa mutane hanya, Allah ya buɗe masa tasa. Amin.