Jakar Habboba Ta Kwana Arba'in a Gidana

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa.

Malam Gidaɗo, limaminmu, Allah ya ƙara lafiya. Ammu Isam, shugaban jama'armu a nan unguwar Arba wa Nus ta Alƙahira, Allah ya ja da rai. Ustazai da ɗaliban ilimi, iyayenmu mata da ke can ɓangaren labule, da 'yan'uwan da suka taso tun daga unguwar Faisal cikin wannan zafi, sannunku da zuwa. Husam da Samah, 'ya'yan marigayiya Hajja Awadiyya, Allah ya ƙara muku haƙuri. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Zubairu, mutumin Funtuwa. Ni ne mai ɗaure wa 'yan kasuwa kaya a kasuwar Ataba. Da aka ce ni zan yi magana a wannan sadakar arba'in, Ammu Isam ya ja ni gefe ya ce, "Zubairu, minti goma, kuma ka bar bakin nan naka a gida." Na ce tamam, na ji. Minti goman zan yi ƙoƙari. Bakin kuwa, Ammu, ma'alish, ka yi haƙuri, ya biyo ni.

Mu a unguwar nan ba mu cika kiranta Hajja Awadiyya ba. Habboba muke cewa, kamar yadda mutanen Sudan ke kiran kaka, har mu da ba ta haifi iyayenmu ba. Kakanta ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya a bakin kogi a Sudan don ya yi noman damina ɗaya ya ƙara guzuri, sai damina ɗayar ta zama rayuwa. A can aka haife ta. Shi ya sa Hausarta take da daɗin ji, tsohuwar Hausa ce da ba ta taɓa shiga tashar mota ba. Ranar da na fara jin muryarta a kan matakala tana faɗa da wani mai sayar da gas, sai da na tsaya da kwali a ka, domin rabona da jin wasu kalmomin tun ina kwance a cinyar kakata.

Ta kasance malama wadda ba ta da makaranta. Abin da take da shi jaka ce, shuɗiya, irin ta buhu mai zif da muke zuba abaya a ciki. A cikinta akwai haruffan Larabci da aka yanka daga kwalayen Ataba, kowanne kamar tafin hannu. Akwai ƙwallayen dabino a gwangwanin madara don ƙirga tasbihi, da 'yar buta ta roba, da dadduma ƙanana guda uku da ta ɗinka daga tsohon labule. Shi ke nan. Gida tara ne, yara goma sha uku, daga mai shekara uku zuwa mai shida. Jakar tana yin mako guda a kowane gida, Asabar da Litinin da Laraba da hantsi a taru a can, ranar Juma'a a miƙa ta ga gida na gaba. Kuma ga dokar da ta sa wasunmu suka so su gudu: gidan da jaka ta sauka, mutanen gidan ne za su karantar. Ita tana zaune a kusurwa da carbinta.

Ta kasance ba ta karɓar uzuri. Matata Hadeel tana fita ɗinki tun bakwai na safe, saboda haka da layi ya kusa zuwa kanmu, na je na same ta na ce, "Habboba, a tsallake mu, uwar yarinyar ba ta gida." Ta ce, "To uban fa, ya mutu?" Na ce ni namiji ne, ina da aiki. Ta ce, "Ataba ba ta buɗewa sai rana ta yi sama, ya waladi, ɗana, kada ka yi wa tsohuwa ƙarya." Sai raina ya ɓaci, na ɗaga murya, na ce ita wace ce da za ta raba wa mutane aiki a gidajensu. Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta rage murya ta ce, "Ba ka iya karatu ba ko?"

Jama'a, ban iya ba. Na haddace ƙananan surori da ka tun ina yaro, amma da a ce an rubuta sunana da Larabci a goshin mikrobas, da sai ta wuce ni ina tsaye. Shekara huɗu ina ɓoye wannan a Alƙahira, ina ce wa mutane idona ne ba ya gani da kyau. Na ce mata to ta koya mini. Ta ce, "A'a. Ni yara nake zama da su. Kai ƙato ne, kana da ido, garin nan kuma ko'ina rubutu ne. Saura mako biyar. Yalla, je ka fara." Ta ba ni aron haruffa biyar a leda, ta rufe ƙofarta.

Na tsine wa ranar da na san ta, Allah ya yafe mini. Amma na fara. Ina cikin mikrobas, 'yar bas ɗin haya, ina neman haruffan da ke aljihuna a allunan shaguna. Ina ɗaure kwali ina bin rubutun jikinsa da yatsa. Na taɓa wuce tashata da nisa saboda na nace sai na haɗa kalmar da ke jikin wani kantin magani, kwandasta yana ta yi mini ihu. Kowace Juma'a in mayar da biyar in karɓo wasu. Yau da nake tsaye a nan, takardar nan ni na rubuta ta, kuma akwai littattafai goma sha ɗaya a kan firjin gidana da na karance su ni kaɗai, ba malami. Wannan duk daga ledar nan ya fito.

Ta kasance ba ta gyara babba a gaban yaro. Ranar Asabar ta farko a gidana na koya musu alwala. Gumi yana zuba, yara goma sha uku sun zuba mini ido, na rikice na sa su wanke ƙafa kafin shafar kai. Na kalli kusurwa, Habboba tana jan carbi kamar ba ta gani ba. Da yara suka watse sai ta ce, "Zubairu, ɗora mana ruwan gahawa." A kicin, tana daka citta, ta faɗa mini. Na ce to ta gyara musu ranar Litinin. Ta ce, "Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ka tsaya ka ce musu shekaranjiya na yi kuskure." Na ce a gaban 'yata? Ta ce, "Musamman a gabanta. In ba ta taɓa ganin ubanta ya yi kuskure ya gyara ba, a ina za ta koya?" Ranar Litinin na faɗa. 'Yata Dalia, lokacin tana da shekara uku, ta dafa gwiwata ta ce, "Ma'alish, Baba." Kowane gida a cikin taran nan yana da irin wannan labarin na kicin. Da yawanmu mun fi kewar kicin ɗin a kan falon.

Yanzu, Ammu Isam, ga bakin ya iso. Na ji ana shawara a kama shago a bakin titi, a kafa allo da sunanta, a kawo masu shahada su karantar da yaran. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba da lada. Amma ina kuke lokacin da take hawa bene na biyar da gwiwa mai ciwo, tana tsayawa a kowane hawa tana hutawa? Kuma akwai wanda ya taɓa ce mata a gabana, "Hajja, karatu ai na malamai ne, wannan naku wasan yara ne." Ba zan kama suna ba. Ya san kansa, ga shi can ya sunkuyar da kai yana duba waya. Kun san abin da ta ce masa? Ta ce, "Ya ustaz, ai yaran ne, dole ya zama wasa. Amma gaya mini: mu mutanen tafiya ne. Ranar da takardar tafiya ta fito, ko aka ce a tashi, kai ne za ka shiga jirgi da yaron? Uwarsa ce za ta shiga."

Wannan ita ce makarantarta gaba ɗaya. Ta san babu ɗayanmu da ya zo garin nan don ya tsufa a cikinsa. Kowa yana jiran wani abu, wani takarda, wani ƙarshen karatu, wani ranar da bindiga za ta yi shiru a koma gida. Ita kanta ta bar malamarta a wani gari, ta bar kabarin mijinta a wani, ga nata kabarin a nan, nesa da Sudan, nesa da Haɗeja da ba ta taɓa gani ba amma take tambayata ko har yanzu ana kama kifi a can. Ba ta so karatun yaranmu ya zauna a ɗakin da za a kulle a bar shi a baya. So take ya zauna a bakin wanda zai ɗauki yaron a kafaɗa a filin jirgi. Duaa, ɗaya daga cikin iyayen yaranmu, da ta tafi da 'yan biyunta bara, kun ji saƙon muryar da ta turo ranar rasuwar. Ƙasar da take babu mai jin Hausa ko Larabci a unguwarsu, amma ta yanka nata haruffan daga kwalin firji, yaran suna karanta Ƙulhuwallahu da irin jan muryar Habboba. Ku kafa allo in kuna so. Amma kada wani ya ce mana allon ne gadonta.

To, ga abin da ya sa na yarda na tsaya a nan. Makon da Allah ya karɓi ranta, jakar tana gidana. Ranar Laraba ta hawo, ta zauna a kusurwa, muka sha gahawa, ta ce in daina saurin magana yara ba sa kamawa. Ranar Juma'a ya kamata in miƙa jakar ga gida na gaba. Gida na gaba kuwa, a takardar da ta rubuta da hannunta, nata ne. Ranar Juma'ar muka yi mata salla.

Tun daga ranar jakar tana bayan ƙofata. Na kai wa Hawwa, wadda take bin Habboba a layi, ta ja da baya kamar na miƙo mata wuta, ta ce, "Ni in tsallake gidan Habboba? Wallahi ba ni ba." Na zagaya gida bakwai, kowa amsarsa ke nan. Ban ga laifinsu ba, ni ma ba zan iya ba. Amma yara goma sha uku suna zaune kwana arba'in babu karatu. Dalia kowace Asabar sai ta saka hijabinta da kanta, a karkace, ta je ta zauna a kan jakar tana jira. Na gaya mata Habboba ta tafi wurin Allah. Ta ce ta sani, amma ai gidanta yana nan.

Samah, 'yar'uwata, da ke nake. Sau biyu na hawo da jakar gidanku, gidan Habboba, sau biyu kika yi mini magana ta bayan ƙofa, kika ce, "Zubairu, ka mayar da ita, ba zan iya kallonta ba." Na juya, domin uwa kika rasa, mu kaka muka rasa ta aro. Ban zo in kunyata ki a gaban mutane ba, Allah ya sani. Amma haruffan nan ke kika yanka su da almakashin ɗinki, ita tana zana miki. Kin ce ba za ki iya buɗe baki a gaban yaran ba tare da kin yi kuka ba. To kada ki buɗe. Ni zan karantar, ko Hawwa. Ke ki zauna a kusurwar nan ta kusa da taga inda take zama, in na yi kuskure ki ce in ɗora ruwan gahawa. In kukan ya zo ki yi, yaran nan sun ga ƙato ya ce na yi kuskure, ba za su tsorata da hawaye ba. Mako ɗaya ne kawai, Samah. Asabar, Litinin, Laraba. Ranar Juma'a ki miƙa wa Hawwa da hannunki, khalas, shi ke nan, layi ya ci gaba. Husam, kai ne babba, ka taya mu roƙonta.

Na zo da jakar. Tana can bakin ƙofa kusa da takalma, ban shigo da ita ba, kuma ba zan ɗora miki a hannu ba. In an watse na same ta a wurin, zan mayar da ita gida. Amma ko tana wurinki ko tana wurina, Asabar mai zuwa da ƙarfe goma za ki ji ƙafafu ƙanana a matakalarku. Ba za mu ƙwanƙwasa ba. Za mu zauna a kan matakala mu jira.

Na gode wa Malam, na gode wa Ammu Isam da bai ƙwace lasifikar ba, na gode wa duk wanda ya dafa, ya shimfiɗa, ya zo.

Ya Allah, baiwarka Awadiyya ta rasu baƙuwa a ƙasar da ba tata ba, ka sauke ta a gidan da ba a tashi daga cikinsa. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi da kowane harafi da yaro ya furta ta dalilinta, a nan da duk inda tafiya ta kai su. Ka yafe mata, ka yafe mana abin da muka faɗa mata cikin fushi, ni ne na farko. Ka sanyaya zuciyar Husam da Samah. Ka haɗa ta da kakanta da bai ƙarasa Makka ba, a inda kowa yake ƙarasawa.

Malam, da izininka, Fatihar nan kada babba ya ja ta. Iyaye mata, ku turo mana su gaba. Dalia, zo nan, gyara hijabin. Ku tsaya yadda kuke tsayawa a falo. A hankali, ba sauri, kamar yadda ta ce. Ku fara, mu za mu bi ku.