A Bar Mana Gadar Maƙabarta

Mai girma shugabar majalisar gunduma, Uwargida Rasmussen; 'yan majalisa masu daraja; injiniyoyin da suka taso daga babban birnin jiha; Fasto Lindgren; manoma maza da mata, har da na bakin ƙofa masu taɓon gona a takalma, barkanmu da warhaka. Ni ce Marlys Hovland, kuma na gode da kuka ba ni dama kafin ku yanke shawarar rushe tsohuwar gadarmu.

Zan fara da tarihi. A zamanin iyayenmu aka kafa dokar da ta ba hukuma ikon ratsa gonar kowa da babban titi. Ba mu ƙi titin ba, ba kuma za mu ƙi shi ba: a kansa masararmu ke isa kasuwa, a kansa motar asibiti ke iso mana. Sai doka ta biyu ta biyo, ta hana tarakta da doki da mai tafiya a ƙasa hawansa. Ita ma tana da gaskiyarta, domin tarakta a gaban manyan motoci ajali ce. Amma titin ya bar gari a nan, maƙabarta a can tsallake, shi ya sa aka yi wa iyayenmu alkawarin gada a saman titin. Alkawari kuwa kaya ne.

Sai al'adarmu, wadda baƙinmu injiniyoyi ba su sani ba, ba kuma laifinsu ba ne. A nan, idan manomi ya rasu, a amalanken ciyawa ake ɗora shi, taraktarsa ta ja shi, maƙwabta su biyo da nasu a hankali. In babu gadar nan, babu hanyar da doka ta yarda tarakta ta bi.

Na je duba tsoho Orval Sandvik a asibiti, wanda likitoci ba sa zaton zai ga girbin bana. Ya ce, "'Yar nan, gaya musu taraktata ce za ta kai ni. Matata Lorene na can a maƙabarta tana jira na, kin san ba ta da haƙuri." Na ce, "Baba Orval, kai da ko coci a makare kake zuwa?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ni kuwa na fito ina hawaye.

Ku gyara gadar, kada ku rushe ta. In kuwa dole ne, don Allah ku bari Orval ya haye tukuna.

Allah ya yi wa shugabanninmu jagora, ya jiƙan na tsallake, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.