Kunafar Mazin

Ana hutun shayi a bitar da lauyoyi suka shirya wa 'yan kasuwa a Amman, Abu Gassan mai shagon kunafa, wani kayan zaƙi na Larabawa, ya tare maƙwabcin kujerarsa.

"Shekara tara Mazin yana aiki a shagona. Ya sa hannu ba zai buɗe nasa ba sai bayan shekara biyu."

"Ya saɓa?"

"Ina! Sai da suka cika cif, sannan ya buɗe."

"Sirrin haɗinka ya sata? Ka ji lauya, wannan sai kotu."

"Da ma nawan ya sata! Nasa ya ƙirƙiro."

"To, Alhaji, me ya kawo ka nan?"

Abu Gassan ya ajiye kofinsa.

"Jiya na ga kwalin kunafarsa a gidana. Matata ce ta sayo, wai za ta yi manyan baƙi."