Babban Dilan Citta

A tashar Kafanchan, wata mai sayar da citta tana nuna wa dattijon da ke gefenta waya.

"Baba, AI ɗin nan da ke amsa mini kwastomomi akwai riba. Saƙonni sun ninka."

"Cinikin fa, ya ninka?"

"Tukuna. Amma akwai wani babban dila, Azariya, kullum safe sai ya tambayi farashi. Saboda shi na hana 'yan Kano kayana."

Dattijon ya cire tabarau.

"Madam, ni ne Azariya. Noma nake a Kagoma. AI ɗina ne ke tambayarki, don in san lokacin sayar da tawa cittar."

"Yesu. To wa zai saya?"

"Oho. Ni ma da na ga kin riƙe taki, sai na kori 'yan Kanon."