Jinin 'Ya'yana Yana Firji, Ubansu Yana Kwance

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Hajiya Rabi ce daga Baure.

Makon jiya aka yi wa maigidana aikin hanji, aka kwantar da shi ɗakin masu jin jiki sosai. Tafin hannunsa ya yi fari fat. Na kira 'ya'yanmu biyu, suka baro gona, aka ɗebi jininsu leda guda-guda aka sa a firji. Har yau ba a ƙara masa ko ɗigo ba.

Likitan sa'an ɗana ne. Ya ce, "Mama, kwantar da hankalinki. Bincike ya nuna gaggawar ƙarin jini ba ta da amfani, sai in ya sauka sosai."

Na ce, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah. A jikin uban wa aka gwada?" Ya yi murmushi ya wuce, ko kunya babu.

Tun tasowarmu, wanda jini ya yi wa ƙaranci ƙara masa ake yi. To wa ake ajiye wa namu?

Ƙannensa sun ce gobe mu tafi da shi Katsina. Likitoci masu sauraro, don Allah ku faɗa mini gaskiya yau: in ɗauke shi ko in bar shi?