Sai An Sa Keken Mamuda a Littafi

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, Malam Abdulhadi. Uwar taro, Hajiya Yahanasu. Malaman jami'a da ɗalibansu. Dattawan Kurfi da na Dutsin-Ma. Sauran jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Rabona da tsayawa gaban taro irin wannan tun shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira. Ran nan gardama na yi, yau ma ita na zo yi, amma bari in fara da godiya.

Ina gode wa 'ya'yan nan biyu, Lubna da Munzali. Wata huɗu suna zuwa garinmu Ɗantutture suna tambayata yadda aka zauna da, har suka shirya wasan da muka taru dominsa, suka rubuta dokokinsa a littafi. Ga wanda bai gani ba: ana zama ne a kewaye tebur, kowa ya ɗauki mutum ɗaya na wancan zamani, wani manomi, wani mahauci, wani falke. Mutum guda yana jan labari, sauran suna faɗin abin da za su yi, a jefa ƙwayar ludo ta raba gardama. Ban yi boko ba, amma na zauna na buga, na kuma yi dariya har rawanina ya kwance.

Magana ta farko, sun kyauta. Sun raba mutane hawa huɗu: talaka, mai rufin asiri, mai hali, attajiri. Sun ce a ƙauye za ka samu gishiri da fartanya, a Kurfi ka samu atamfa da fitila, keke da rediyo kuwa sai Dutsin-Ma, kuma sai mai hali. Haka yake, ni na gaya musu.

Magana ta biyu, sun bar rabin duniya a waje. Da muka buga, an ba ni manomi talaka, aka ce an yi mini haihuwa, in sanar da dangi a Wurma kafin la'asar. Na ce a kawo keke. Lubna ta duba takarda ta ce, "Baba Ilu, ba ka kai hawan keke ba." Na ce, "Wa ya ce miki saye zan yi? Na Mamuda tela zan ara." Ta ce, "Baba, babu Mamuda a littafi." Na ce, "To 'yar nan, babu Ɗantutture a littafi ke nan."

Jama'a, keke ɗaya ne a garinmu, amma gari duka ya hau shi. Da shi aka kira unguwarzoma, da shi aka kai saƙon rasuwa, da shi ni kaina na je tambayar aure. Ba da saye muka rayu ba, da aro muka rayu.

Munzali ya ce mini, "Baba, in aka sa aro wasa ya lalace, kowa zai samu komai." Ɗana, ba ka san Mamuda ba. Keken nan sai ka dawo da shi a goge, tayoyi cike da iska. Na taɓa jingine shi da kaca a tsinke na sulale ban faɗa ba. Damina guda ina zuwa Kurfi a ƙafa, yana wuce ni yana kaɗa mini ƙararrawa. Ya hana mai shanu arba'in, ya ba wanda ba shi da ko akuya. Wannan ita ce dokar da nake so a rubuta: mai riƙon amana ya ara, mai ɓarna ya taka da ƙafa.

Magana ta uku gajera ce. An ce gobe za a kai littafin wurin mai bugawa, da sunana a bango a matsayin wanda ya ba da tarihi. Jikokina za su karanta. Ban yarda su ɗauka kakanninsu sai da kuɗi suka san juna ba. Shafi ɗaya nake nema.

Allah ya yi wa yaran nan albarka, ya ƙara musu basira. Allah ya jiƙan Mamuda. Allah ya ba mu damina mai kyau, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ni dai gobe, ina idar da sallar asuba zan hau a-kori-kura in riga su zuwa shagon mai bugawa. Zan shimfiɗa buzuna a bakin ƙofa. Lubna, ki taho da biro.

Na gode.